Gwajin Alewa: Anya Minti 15 Zai Iya Faɗa Mana Makomar Yaro?

Akwai wani labari da masu laccar zaburar da matasa suke ji da shi. In kana yawan kallon bidiyoyinsu a Facebook ko YouTube, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da shi ba. Ga yadda suke ba da shi: wai masana a Amurka sun zaunar da yara 'yan shekara 4, aka ajiye wa kowane yaro alewa ɗaya a gabansa, aka ce masa in ya jira minti 15 bai ci ba za a ƙara masa ta biyu. Wasu suka daure, wasu kuwa ko ƙofa ba a gama rufewa ba sun lamushe. Da aka bi sawunsu bayan shekaru, sai aka tarar waɗanda suka daure su ne suka yi fice a karatu da rayuwa. Daga nan sai mai lacca ya gyara murya ya ce, kun gani ko, mahaƙurci mawadaci, kimiyya ma ta tabbatar.

Binciken dai an yi shi, ba ƙirƙira ba ce. Matsalar ita ce kayan da ake ɗora masa sun fi ƙarfinsa. Kuma maganar ba ta wasa ba ce, domin duk malamin da ya yarda cewa ana gane makomar yaro tun yana ɗan shekara 4, to zai fara kallon yaron da ba ya iya zama wuri ɗaya a matsayin wanda ƙaddararsa ta riga fata. Uba ma haka. Mai tsara manufofin ilimi kuwa sai ya ce ai matsalar 'ya'yan talakawa rashin haƙuri ce, ba yunwa ko cunkoson aji ba. Saboda haka bari mu zauna mu duba binciken da kyau. A kan hanya za mu tsinci wasu ƙa'idoji na yadda ake bincike a ilimin halayyar koyo da koyarwa, waɗanda za su yi maka amfani a duk lokacin da wani ya ce maka "bincike ya nuna".

Me aka yi tun asali?

Mai binciken shi ne Walter Mischel, masanin halayyar ɗan Adam da aka haifa a birnin Vienna a 1930, ya rasu a 2018. Ya gudanar da gwaje-gwajen a makarantar renon yara ta Bing da ke cikin Jami'ar Stanford a jihar Kalifoniya, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970. Alewar da ta yi suna ita ce mashmalo, wata fara mai laushi kamar soso, amma ba ita kaɗai aka yi amfani da ita ba, har da biskit da makamantansa. Akan bar wa yaron 'yar ƙararrawa. In ya gaji da jira sai ya kaɗa, mai binciken ya dawo, yaro ya ci ƙaramin rabo ya haƙura da babban.

Abin da masu lacca ba sa faɗa shi ne, Mischel bai fara wannan aiki don duba makomar kowa ba. Tambayarsa ita ce: me ke sa jira ya yi wa yaro sauƙi, me ke sa ya yi masa wuya? Don haka sai ya riƙa canza yanayin. Wasu yaran a bar alewar a fili suna kallonta, wasu a rufe ta. Wasu a ba su abin wasa, wasu a ce su yi tunanin wani abu mai daɗi da ba shi da alaƙa da ci. Wasu a ce su ɗauki alewar kamar gajimare ne, wasu a ce su yi tunanin zaƙinta da laushinta a baki. Sakamakon ya fito sarai: in an rufe alewar, ko an ɗauke hankalin yaro, yakan jira sosai. In kuwa an bar shi da tunanin zaƙi, nan da nan ƙararrawa za ta yi ƙara.

Wannan shi ake kira gwaji na sosai. Mai bincike ya raba yara rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, ya canza abu ɗaya da hannunsa, ya bar sauran yadda suke, sannan ya ga abin da zai biyo baya. Tunda ƙuri'a ce ta raba su, ba za a ce ai rukuni kaza dama can sun fi haƙuri ba. Ka lura da darasin wannan kashi na farko: tsawon jiran yaro yana hawa yana sauka gwargwadon yanayin da aka sa shi da dabarar da aka koya masa. Wato ba wani abu ba ne da aka haife shi da shi kamar rukunin jini.

Kashi na biyu, wanda ya yi suna, daga baya ya zo. A 1990 Yuichi Shoda da Mischel da Philip Peake suka wallafa sakamakon bin sawun yaran bayan sun zama samari da 'yan mata. Suka ga waɗanda suka fi jira suna da maki mafi yawa a jarrabawar SAT, wadda take kusan kamar jarrabawar JAMB a wurinmu. A 1995 Daniel Goleman ya saka labarin a littafinsa mai suna Emotional Intelligence, ya kawo bambancin maki 210 tsakanin masu jira da marasa jira. Littafin ya sayu a duniya, labarin ya bar hannun masu bincike ya koma hannun masu lacca.

Matsala ta farko: su wa aka gwada?

Mai dafa miya ba ta shanye tukunya don ta ji gishiri. Cokali ɗaya ya ishe ta, amma fa sai ta juya tukunyar. In ta ɗebo daga sama ba ta juya ba, mai kawai za ta lasa. Haka samfuri yake a bincike: 'yan kaɗan ɗin da ka gwada dole su wakilci jama'ar da kake son yin magana a kansu.

To su wane ne yaran Bing? Galibinsu 'ya'yan malamai ne da ɗalibai na Stanford, ɗaya daga cikin manyan jami'o'in duniya. Gidajensu akwai littattafai, akwai abinci, akwai iyaye masu digiri. Wannan saman tukunya ne.

Sannan ga maganar yawa. Yara fiye da 550 ne suka bi ta waɗannan gwaje-gwaje, amma binciken 1990 ya dogara ne a kan 185 da iyayensu suka mayar da amsa. A cikinsu 94 kacal aka samu makin SAT ɗinsu. Alaƙa mai ƙarfin da ake yayatawa kuwa ta bayyana ne a rukuni ɗaya, na yaran da aka bar wa alewa a fili ba a koya musu wata dabara ba, kuma ba su kai 50 ba. Ƙaramin samfuri irin wannan, yara uku ko huɗu da suka yi zarra suna iya karkatar da duka lissafin. Ga kuma tambayar waɗanda suka ɓace a hanya: iyayen da ɗansu ke ƙoƙari sun fi zumuɗin cike takardar tambayoyi fiye da waɗanda nasu ya watsar da karatu.

A yi wa su Shoda adalci, su da kansu sun yi gargaɗi a cikin takardar cewa ƙanƙantar samfurin na iya sa alaƙar ta fito da girman da ya wuce na gaskiya. Gargaɗin ne dai bai samu shiga bidiyo ba.

Wannan cuta ba ta wannan bincike kaɗai ba ce. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam, kuma lissafin da aka fitar daga aikinsa ya nuna kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwadawa sun fito ne daga ƙasashen da ke ɗauke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya. Kashi 68 daga Amurka kaɗai. Duk da haka in an zo ba da sakamako sai a ce "yara suna kaza", kamar an zagaya duniya.

Matsala ta biyu: tafiya tare ba ita ce sanadi ba

Lokacin da gasasshiyar masara ta cika bakin titi shi ne lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da mutane. In ka zana jadawali za ka ga suna hawa tare suna sauka tare. Amma masara ba ta kawo zazzaɓi. Damina ce ta kawo masarar, ita ce kuma ta tara ruwan da sauro ke hayayyafa a ciki. Wannan abu na uku da ke ɓoye a baya yana jan biyun, shi ne babban abin tsoron mai bincike.

Kashi na biyu na aikin Mischel ba gwaji ba ne, kallo ne kawai. Babu wanda ya raba yara da ƙuri'a ya ce ku za ku zama masu haƙuri, ku kuma marasa haƙuri. An auna jira, an jira shekaru, an auna maki, aka ga suna tafiya tare. To mece ce daminar a nan? Gidan da yaro ya tashi. Gida mai wadata da kwanciyar hankali zai iya sa yaro ya iya jira, kuma shi ne dai zai biya masa makaranta mai kyau.

A 2018 Tyler Watts da Greg Duncan da Haonan Quan suka gwada wannan zargi. Sun yi amfani da bayanan yara 918 daga wani babban binciken gwamnatin Amurka da ya bi yara tun daga haihuwa. An yi musu gwajin jira suna da shekara 4 da rabi, aka auna karatunsu suna da 15. Masu binciken suka fi mayar da hankali a kan yara 552 da uwayensu ba su kammala jami'a ba, wato irin yaran da Bing ba ta da su.

Alaƙar tana nan, amma girmanta rabin abin da aka ruwaito a baya ne. Da suka sa yanayin iyali da na gida da basirar yaron tun yana ƙarami a cikin lissafi, wato suka kwatanta yaran da suka yi kama da juna a waɗannan abubuwa, sai kashi 2 cikin 3 na alaƙar ya zube. Wani abin mamaki kuma, yawancin bambancin yana tsakanin yaran da suka kasa jiran daƙiƙa 20 ne da waɗanda suka wuce hakan. Wanda ya jira minti 2 da wanda ya kai ƙarshe ba su da wata tazara ta a zo a gani. A ɓangaren ɗabi'a kuwa, alaƙar ta fi haka rauni.

Shi ma wannan bincike an soke shi, kuma sukar tana da tushe. Minti 7 kawai aka ba yaran, don haka da yawa sun kai ƙarshe, ba a san iya inda za su tsaya ba da an ƙara lokaci. Wasu masana kuma suka ce in ka cire basirar yaro daga lissafi, ka cire wani yanki na kamun kan da kake son aunawa, tunda abubuwan biyu a cuɗe suke. Wannan muhawara ce ta gaskiya. Sai dai shaidun da suka biyo baya ba su taimaki labarin masu lacca ba. A 2020 aka wallafa wani bincike da Daniel Benjamin ya jagoranta, da sunan Mischel kansa a cikin marubutan. Sun koma wa mutum 113 daga cikin yaran Bing na asali, a lokacin sun haura shekara 40, kuma sun rubuta hasashensu tun kafin su duba bayanan don kada son rai ya shiga. Tsawon jiran da mutum ya yi yana yaro bai yi hasashen dukiyarsa ko matakin karatunsa ba. A 2024 kuma aka sake duba mutum 702 daga rukunin da su Watts suka yi aiki da shi, sun kai shekara 26, aka tarar gwajin ba abin dogaro ba ne wajen hasashen yadda rayuwarsu ta kasance.

Matsala ta uku: shin haƙuri ake aunawa ma kuwa?

Ingancin ma'auni shi ne ya auna abin da aka ce yana aunawa. In yaro ya cinye alewa a minti ɗaya, mun ce ba shi da kamun kai. Amma akwai wata fassarar: bai yarda za a kawo ta biyun ba.

Celeste Kidd da abokan aikinta a Jami'ar Rochester sun gwada wannan, aka wallafa a 2013. Kafin a kawo alewa, sai a ba yaro tsofaffin fensiran kala, a ce masa ya jira za a kawo masa sababbi. Rabin yaran aka cika musu alkawari. Sauran rabin aka dawo hannu rabbana aka ba su haƙuri. Aka sake yin haka da 'yan hotunan mannawa. Sannan aka yi gwajin alewa. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira kimanin minti 12. Waɗanda aka saɓa wa, kimanin minti 3. A rukunin farko yara 9 cikin 14 sun kai ƙarshen minti 15, a na biyu yaro 1 tak cikin 14.

Yara 28 ne kawai, don haka ma'aunin da muka auna Bing da shi dole mu auna wannan da shi: samfurin ƙarami ne, kada a riƙe alƙaluman kamar an sassaƙa su a dutse. Amma gwaji ne na ƙuri'a, kuma abin da ya nuna ya dace da hankali. Saɓa alkawari sau biyu cikin 'yan mintuna ya isa ya sauya halin yaro a gaban alewa. To ina ga yaron da ya shekara huɗu yana jin "gobe zan sayo maka" goben ba ta zuwa? Ko wanda ya san in ya ajiye abu yayansa zai ɗauke? A wurin irin wannan yaro, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma lissafinsa daidai ne.

Abin sha'awa, Mischel ya san da haka tun kafin Stanford. A wani bincikensa na 1958 a tsibirin Trinidad, ya ba yara zaɓi tsakanin ƙaramar alewa yau da babba bayan mako guda. Ya lura yaran da babu uba a gidansu sun fi zaɓar ta yau, ya kuma danganta hakan da batun yarda da alkawarin baƙon namiji.

Sai kuma al'ada. Bettina Lamm da abokan aikinta daga Jami'ar Osnabrück a Jamus sun kai gwajin wa 'ya'yan manoma na ƙabilar Nso a arewa maso yammacin Kamaru. Maimakon mashmalo, fanke aka ajiye musu. Yara 76 na Nso, da yara 125 na Jamusawa masu matsakaicin hali, duk 'yan shekara 4, jiran minti 10. Kusan kashi 70 cikin 100 na yaran Nso sun kai ƙarshe, na Jamus kuwa kashi 28. Yaran Jamus suna ta mutsu-mutsu da surutu da waƙe-waƙe don su ɗauke hankalinsu, na Nso suka zauna shiru, wasu har barci ya kwashe su. In da gwajin alewa na faɗin wanda zai yi arziki ne, da sai mu ce yaran ƙauyen Kamaru za su fi na Jamus samun digiri da albashi. Kowa ya san abin da ke yanke wannan hukunci ya wuce fanke. Abin da gwajin ya kama a nan ya fi kama da tarbiyyar biyayya ga babba.

A 2022 wani bincike da Kaichi Yanaoka ya jagoranta ya kwatanta yaran Kyoto a Japan da na Boulder a Amurka. Yaran Japan sun daɗe suna jiran abinci, amma da aka ba su kyauta a naɗe ba su jima ba suka buɗe. Na Amurka akasin haka: sun jira kyauta, sun kasa jiran abinci. Dalilin da masu binciken suka kawo shi ne sabo. A Japan an saba wa yaro ya jira kowa ya zauna kafin a fara ci, a Amurka kuma an saba masa ajiye kyauta sai ranar buɗewa. Yaro ɗaya, a canza abin da ke kan tebur, sai "haƙurinsa" ya canza.

To kamun kai ba shi da amfani ke nan?

A'a, kada mu tsallake daga wannan rami mu faɗa wancan. A garin Dunedin na New Zealand an bi yara 1,037 da aka haifa a 1972 da 1973, kuma a 2011 Terrie Moffitt da abokan aikinta suka nuna cewa waɗanda suka fi ƙarancin kamun kai a yarinta sun fi fuskantar matsalar lafiya da ta kuɗi da ta shari'a a shekara 32, ko bayan an sa basira da matsayin iyali a lissafi.

Dubi bambancin hanyar aiki. A Dunedin ba a tsinci 'ya'yan malaman jami'a ba, an ɗauki yaran gari ne masu kuɗi da talakawa. Ba a dogara da zama ɗaya ba, an tattara bayanai daga iyaye da malamai da masu bincike da yaran kansu, tun suna shekara 3 har 11. Ma'auni ɗaya a rana ɗaya yana ɗauke da hayaniya mai yawa: wataƙila yaron bai karya ba, wataƙila bai yi barci ba, wataƙila ma alewar ba ta dame shi ba. Ba a gane ɗan kasuwa da cinikin rana ɗaya. Ko shi Dunedin ɗin ma kallo ne, ba gwaji ba, don haka bai tabbatar da cewa in ka koya wa yaro jira ka canza masa rayuwa ba. Amma shaidarsa ta fi nauyi nesa ba kusa ba.

Abin da ya kamata mu riƙe

Hukuncina a kan gwajin alewa shi ne: kashinsa na farko aiki ne mai kyau da aka yi watsi da shi, kashinsa na biyu kuma ƙaramin sakamako ne da aka hura har ya fi ƙarfin kansa. Ga iyaye da malamai, na farkon ne ke da amfani. Kawar da abin jan hankali daga gaban ido ya fi faɗa da tsawa aiki, ko alewa ce a gaban ɗan shekara 4, ko waya ce a gaban mai shirin jarrabawa. In ka ce wa yaro in ya gama aikinsa zai fita wasa, to ya fita ɗin, domin alkawari kaya ne ko ga ƙaramin yaro. Kuma don Allah a daina ajiye wa yara alewa ana ɗaukarsu bidiyo ana yanke musu hukunci.

Ga mai karatu kuwa, duk sanda aka ce maka bincike ya nuna, yi tambayoyin nan. Mutum nawa aka gwada, kuma su wane ne? Gwaji aka yi da ƙuri'a, ko kallo kawai aka yi? Wane abu na uku ne zai iya jan biyun? Ma'aunin yana auna abin da aka ce kuwa? Wasu sun maimaita sun samu abu ɗaya?

Ɗaliban tsangayar ilimi da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, ga aiki a gabanku. A gidajenmu da yawa yara kan ci a kwano ɗaya, nama kuma ba a taɓa shi sai babba ya raba. Yaron da ya tashi a haka, zai fi jiran tsokar nama ko sabon abin wasa? Jiransa zai canza in wanda ya yi masa alkawarin malaminsa ne, ko baƙo ne? Kayan aikin ba su wuce agogo da faranti da fanke ba, sai izinin iyaye da na kwamitin ɗa'ar bincike. A dai tabbatar yaran suna da yawa, an ɗebo su daga unguwanni daban-daban, kuma ƙuri'a ce ta raba su.